Zuwaina Mai Namijin Dabino

Ranar Asabar, 14 ga Fabrairu, 1981, na fara ganin Zuwaina 'yar Marhun. Kwanana uku ke nan da kama aikin magatakardan ruwa a ƙauyen Gubaira. Ina zaune a bakin falaj, magudanar da ke kawo wa gonakin dabino ruwa daga gindin dutse, ina kwafe sunayen masu rabon ruwa daga tsohon littafi zuwa sabo, sai ga wata mace gajera wadda ta haura hamsin, ɗauke da kwando a ka. Ta tsaya a kaina, ko sauke kwandon ba ta yi ba.

"Kai ne sabon mai rubutun? Ɗan gidan wa?"

Na gaya mata.

"To, tunda ka yi makaranta, gaya mini. Don me ruwan nan yake da ɗumi da asuba, in rana ta yi kuma ya yi sanyi? Wa ke hura masa wuta a cikin dutse?"

Na ce ban sani ba.

"Wanda ka gada ma bai sani ba," in ji ta, "amma shi sai ya shirga mini ƙarya. Ka fi shi." Ta ciro dabino uku ta ajiye mini a kan littafi, ta wuce abinta.

Da na tambaya aka ce ai Goggo Don-me ke nan, kuma in shirya, don ba ta zuwa hannu biyu: kullum da tambaya take tafe.

Ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta. Ita takan ce a shekarar fara aka haife ta, amma fara ta sauka a Gubaira sau uku a wancan zamani, don haka na bar gurbin a buɗe. Mahaifinta Marhun bidar ne, wato mai hawa dabinon mutane ya yi masa hidima, ladansa nonon dabino guda, wato curin 'ya'ya ɗaya, a kowace itaciya. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai Zuwaina ta zama mai bin sa gona. In kwanson macen dabino ya tsage, fure ya leƙo fari fat, Marhun zai ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Ita tana ƙasa, riƙe da tsinkayen furen namiji a bakin mayafi. Zai karkaɗe garinsu a kan furen macen, ya soka tsinke biyar ko bakwai a tsakiya, ya ɗaure da ganye ya sauko. Haka ake barbarar dabino tun kaka da kakanni. Tana 'yar shekara bakwai ta tambaye shi me garin yake yi in ya shiga can ciki. Ya ce, "Haka muka tarar. Miƙo igiya." Ta miƙa igiyar, amma tambayar ta zauna.

An aurar da ita ga Sulayyim, shi ma bidar. Ta haifi huɗu, ɗaya ya tsaya, Humaid. Zazzaɓi ya ɗauke Sulayyim yaron yana da shekara goma. Abin da ya bar mata shi ne gidan ƙasa mai ɗaki uku, da matan dabino tara, da namiji ɗaya.

Namijin nan yana tsaye a kusurwar gonarta, daidai inda hanyar jakuna take bi ta shiga gonaki. Dattijo ake ce masa. Mazan dabino a Gubaira sun kai ashirin, amma ba a haɗa su da shi. In aka tsaga kwansonsa gari ke tashi har ya sa mutum atishawa, kuma masu gona sun yi ittifaƙi cewa 'ya'yan da aka samu ta wajensa sun fi girma, sun fi saurin nuna. Zuwaina ba ta taɓa yanka wa furensa farashi ba. Kowa ya zo za ta ba shi, shi kuma ya aiko da abin da ya samu: busasshen kifi, lemun tsami, ɗan kwanon alewar halwa ranar salla. Da wannan ta riƙe kanta ta riƙe ɗanta, kuma da shi ake sallama a ƙofar gidanta da ladabi.

Babban abin da ya sa ba a iya yi sai da ita shi ne dabinon Nagal. Shi ne yake riga kowane iri nuna, shi ake fara kai wa kasuwa a lokacin da bakin kowa ke marmarin ɗanyen dabino. Amma furensa tun farkon Janairu yake buɗewa, alhali ba namijin da ya farka tukuna. Saboda haka duk watan Maris Zuwaina takan shanya furen Dattijo a inuwa, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sa a kwando ta rataye a ƙuryar ɗakin ƙasa, sai Janairu mai zuwa ta sauko da shi ta raba. Shekara talatin tana haka, bai taɓa ba ta kunya ba.

A farkon 1983 abubuwa biyu suka faru. Humaid, wanda ke tuƙin mota a Abu Dhabi, ya zo hutu ya tarar ƙuryar nan ta tsage daga sama har ƙasa. Ya ce uwarsa ba za ta kwana kusa da bangon da zai danne ta ba. Ya rushe ɗakin, ya gina mata na bulo da siminti, ya yi masa rufin kwano mai sheƙi. Mata suka yi ta zuwa kallo. Zuwaina ta kwashe kayan ajiyarta kaf ta mayar ciki, tana ta sa masa albarka.

Na biyun shi ne maganar hanya. Mutum huɗu sun sayi a-kori-kura, suna so a faɗaɗa hanyar jakuna. Da aka ja igiyar awo, sai ta bi ta kan Dattijo. Maza suka zauna a sabla, zauren shawarar gari, aka yanke cewa hanya ce za ta kauce wa itacen, ta ci kamu huɗu daga gonar da ke fuskantarsa. Gonar kuwa ta Darwish ɗan Salmin ce, sa'an Zuwaina, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba. Darwish ya haɗiye maganar, don shi ma Nagal ɗinsa goma sha ɗaya da garin Dattijo suke rayuwa.

Janairun 1984 aka yi barbara kamar kullum. A tsakiyar Maris Musabbah, bidar ɗin da ke hawa wa yawancin gari, ya sauko daga kan dabinon Darwish da tsinke guda a hannu, fuskarsa ba daɗi. Furen da ya kama, ɗa ɗaya yake fitarwa a kowane gurbi. Wannan kuwa uku-uku ne, 'yan ƙanana, sun cunkushe kamar 'yan uku a zanin goyo guda. Shis ke nan, dabinon da ba ƙwallo a cikinsa, ba ya nuna yadda ya kamata, sai dai a zuba wa awaki. Kafin mako ya zagayo an duba ko'ina. Nagal sittin da uku aka barbara da ajiyar Zuwaina. Hamsin da takwas sun yi shis gaba ɗaya, biyar sun kama tsilli-tsilli.

Ranar Juma'a, 6 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci aka zauna a sabla. Gahawa ba ta gama zagayawa ba Darwish ya ajiye finjalinsa.

"Jama'a, ni fa ba na son dogon zance. Tsoho in ya tsufa, ya tsufa. Mu ma da muke nan akwai waɗanda sai dai labarin da." Aka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. "An ce in ba da kamu huɗu na ƙasar ubana saboda namiji. To ina namijin? Itace ne kawai a tsaye yana shan ruwan gari."

Kowa na da ciwon a ransa. Aka yanke cewa in katafila ta zo bayan ƙaramar salla, hanya za ta miƙe, a sare Dattijo.

Da labari ya iske Zuwaina ba ta yi kuka ba, ba ta je ƙofar kowa roƙo ba. Abin da ya hana ta sukuni daban ne. A gonarta Nagal uku ne, duk sun yi shis. Sauran shidan Fardi ne, masu buɗewa a makare, kuma ga su nan sun kama har nono yana rinjayar reshe. Miji ɗaya, gona ɗaya, ruwa ɗaya. Ta tsaya a tsakaninsu tana duban waɗannan tana duban waɗancan. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ta fara da Musabbah. Ta same shi yana wasa lauje a gindin bango.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, duka ka hau?"

"Haba Goggo. Ni za ki yi wa wannan tambaya? Dubi ƙafafuna, duk ƙaya ce."

"Ƙafa ba ta shaida. Tashi mu je."

Kwana huɗu ta yi tana jan sa gona-gona. Kowace Nagal sai ya hau ya laluba tsakiyar nonon ya jeho mata abin da ya samu. A duk sittin da ukun, busassun tsinkayen namiji suna nan inda ya soka su, da ɗaurinsu. A ta ƙarshe ya sauko yana haki ya ce, "To, kin wanke ni, ko sai na hau gajimare?"

"Na wanke ka. Amma ka ƙara mini aiki. Gari ya je, Musabbah. Ya je inda aka aike shi, ya kwana a can, bai yi komai ba. Ashe zuwa daban, kamawa daban."

Daga nan ta zo wurina. Na saba rubuta yanayin kowace rana a gefen littafin ruwa, da duk wani abin da ya faru a gonaki, don yana taimakawa in gardama ta tashi. Ta zauna a bakin falaj ta ce in buɗe mata Janairu.

"An yi ruwan sama? Babana yakan ce in ruwa ya sauka ranar barbara, sai a sake hawa, don ya wanke garin."

Na duba. Ba ko ɗigo daga 20 ga Disamba har 2 ga Maris.

"Iska fa?"

Kwana biyu kawai, kuma a ƙarshen wata, bayan an gama da yawancin Nagal.

"Sanyi?"

Bai kai na shekarar da ta gabata ba, kuma a waccan shekarar komai ya kama.

Ta ɗauki wani shis tana juya shi a tafin hannu. Ta fasa shi da farce, ta leƙa ramin da ƙwallo ya kamata ya kwanta, wayam. Can ta ce, "Yaushe Dattijo ya buɗe bana?"

Wannan ma yana rubuce: Alhamis, 9 ga Fabrairu, Musabbah ya yanko kwanson farko. Ta sa na karanto mata gonakin da aka barbara kafin ranar da waɗanda aka yi bayanta. Kafin in kai rabi ta ɗaga hannu. Duk wadda ta lalace kafin 9 ga wata ce, da garin ajiya. Duk wadda aka yi da sabon fure ta kama.

"To ba shi ba ne," in ji ta a hankali. "Abin da na ajiye ne."

Sai dai wannan ma bai warware mata ba. Ta koma gida ta sauko da ragowar ajiyar bara ta zazzage a tafi. Launinsa bai sauya ba, laushinsa na nan, ko ƙwaro ɗaya babu. A inuwa ta shanya shi kamar kullum, ƙyallen ma shi ne na da, kwandon kuwa tun na uwar mijinta. Ta yi mako uku tana juya abin, tana dafa shinkafa ta manta gishiri.

Wata rana a farkon Mayu, rana tsaka, ta shiga sabon ɗakin ɗauko man shanu. Da ma da safe ko da yamma take shiga. Tana tura ƙofa zafi ya mare ta kamar ta leƙa tanderu. Man ya narke ya zama ruwa, har ya fara wari. Ta ɗaga hannu wajen kwandon da ke rataye kamu ɗaya ƙasa da kwanon rufi, ta ji igiyar kanta da zafi. Nan ta tuna irin albasar da ta ajiye a ɗakin nan, ta shuka da kaka bai fito ba, ta yi ta zagin mai shagon da ya sayar mata. Ta zauna a bakin ƙofa. A tsohuwar ƙuryar, ko a tsakiyar bazara, in ka shiga sai ka ji kamar ka sa ƙafa a falaj.

Abin ya zo mata da daɗi da ɗaci a haɗe. In haka ne, Dattijo ba shi da laifi. Amma mai laifin ita ce, da ɗakin da ɗanta ya gina mata da guminsa, wanda ta yi ta nuna wa mata. Kuma har yanzu zato ne. Me zafi zai kashe a cikin garin fure, abin da ba ya motsi, ba ya numfashi?

A ranar ta raba ajiyar bana gida biyu. Rabi ta bari a ɗakin kwano, rabi ta sa a tukunyar ƙasa ta kai ajiya ɗakin ƙasa na maƙwabciyarta. Ranar Asabar, 12 ga Mayu, ta ƙulla ƙulli biyu a bakin mayafi, na bara da na bana, ta ce in raka ta ofishin gona a birni, don ba ta son a ce mata ta dawo gobe.

Malamin gonan wani ɗan Sudan ne mai suna Awad, dogo, mai yawan dariya. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Wannan a wace jami'a ta yi karatu?"

"A gindin dabino," in ji ta. "Kai dai duba mini."

Ya dama sukari da ruwa da wani ɗan magani, ya ɗiga a kan 'yan gilasai biyu, ya barbaɗa garin bara a ɗaya, na bana a ɗaya, ya rufe. Ya ce sai bayan azahar. Zuwaina ta ƙi zuwa ko'ina. Ta zauna a kan benci tana tsare da gilasan kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe. Da lokaci ya yi ya sa na farko a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya.

"Me kike gani, Hajiya?"

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka ɗora mini. Ina ganin 'yan ƙwayoyi kamar an watsa riɗi."

"Wannan na bara ne. To ga na bana."

Ta daɗe a sunkuye. Ta ɗago ta goge idon da bakin mayafi ta sake komawa.

"Waɗannan wutsiya gare su. Wa ya sa musu?"

"Su suka fitar. Kowace ƙwaya da kike gani rai gare ta, kamar iri. In bidar ya karkaɗa ta a kan furen mace, tafiya ce kawai ta ƙare, aikin bai soma ba. Sai ta tsiro wannan zaren, ya huda ya gangara cikin furen har ya iske ɗan ƙwan da ke kwance a ƙasa, su haɗe. Wannan haɗuwar ita ke zama ƙwallo. Furen dabino kuwa ɗaki uku gare shi. In ɗaya ya samu, sauran biyun sai su bushe su faɗi. In ba wanda ya samu, duka ukun su kumbura a banza. Shi ne shis ɗinku."

"Na bara fa?"

"Ya mutu tun bazara. Zafin kwano ya dafa shi. Gawa kuka yi ta kai wa sama."

Zuwaina ta kama haɓa. "Ashe Musabbah ɗan rakiya ne kawai. Mu dai mu kai ango ƙofar ɗaki, shiga kuwa sai in da sauran numfashi." Awad ya yi dariya har da buga tebur. Ita kuwa ba ta gama ba. Ta tambaye shi kwana nawa zaren yake yi a hanya, da yadda yake gane ƙasa daga sama a cikin duhu, da dalilin da ɗaki ɗaya kawai yake tsayawa ko da ukun sun samu baƙo. Ya amsa abin da ya sani. Sai da mai gadi ya fara kaɗa makullai muka fito. A mota ta ce mini, "Shekara hamsin da tambayar babana. Da yana nan da na ce masa ga abin da muka tarar."

Ranar Juma'a, 18 ga Mayu, maza suna zaune a sabla sai aka ji sallamar mace ta taga. Mata ba sa shiga, amma ba a taɓa cewa ba sa tsayawa a waje ba. Shehun gari ya ce ta faɗi abin da ke tafe da ita. Ta faɗa tiryan-tiryan: tsinkayen da aka samu a kowace itaciya, ranar 9 ga Fabrairu, ɗakin kwano, da zaren da ta gani da idonta. Ta rufe da cewa, "Nagal ɗinku ni na kashe shi, ba da sani ba. Ku yafe mini. Amma itacen nan bai yi muku komai ba."

Darwish ya gyara zama. "To kun ji da bakinta. Ko itacen ne ko mai itacen, nawa dai awaki suka ci. Yanzu kuma wai gari yana da wutsiya. Don-me, tsufa ne ko rana ce ta buge ki a ɗakin kwanon?"

"Rana ta buge ni, mai tumbi, shi ya sa na gane. Kai da kake kwance a inuwa me ka gano?"

Aka kwashe da dariya, har shehu ya rufe baki da gefen rawani.

"Ni ban ga wata wutsiya ba," in ji Darwish. "Abin da ido bai gani sai da gilashin baƙo, ba zan ba da ƙasar ubana a kansa ba."

"Ba sai ka leƙa gilashi ba. Ajiyar bana na raba ta biyu, rabi a ɗakin kwano, rabi a ɗakin ƙasa. Miji ɗaya, yanka ɗaya. Ka zaɓi Nagal guda a gonarka. In Janairu ta zo a yi rabin nonnanta da wannan, rabi da wancan. In duka suka yi shis, ni zan ba da gatarin. In duka suka kama, ƙarya na yi, ku sare shi duk da haka."

Sharaɗin ya yi mata tsauri fiye da yadda wani zai gindaya mata, kuma kowa ya ga haka. Shehu ya ce katafila ta fara da ɗaya ƙarshen hanyar, wannan kusurwa ta jira shekara. Darwish ya yarda, amma da nasa sharuɗɗan: makullin ɗakin kwano a hannunsa zai zauna, tukunyar ƙasa kuma a liƙe bakinta da laka a gabansa. Aka sa na rubuta, kowannensu ya dangwala yatsa.

Humaid ne ya fi tsaya mata a rai. Ba ta so ya ji a bakin wani. Ta sa aka ɗauki muryarta a kaset aka aika masa, ta gaya masa komai ba kwana-kwana. Bayan wata guda nasa kaset ɗin ya zo, yana cewa zai zo ya yaye kwanon ya zubar. Ta mayar masa da cewa kada ya kuskura, ɗaki ne mai kyau, ba a dai san aikinsa ba ne. In an karɓo makulli za ta riƙa busar da lemun tsami a ciki. Da kaka kuma, da Fardinta shida suka nuna, ta aika da nono guda-guda gidaje biyar da ta san Nagal ne kaɗai abin da suka dogara da shi.

Ranar Asabar, 12 ga Janairu, 1985, Nagal ɗin da Darwish ya zaɓa ta buɗe kwanso takwas. Musabbah ya fara da garin ɗakin kwano a kan huɗu, ya ɗaura musu baƙin zare, ya rufe kowanne da jakar ƙyalle don kada iska ta kawo wani gari. Ya sauko, Darwish da kansa ya zuba masa ruwa ya wanke hannu har gwiwa, ya canja riga, sa'an nan ya koma da garin tukunya ya yi sauran huɗun, ya ɗaura jan zare, ya rufe. Sauran masu Nagal ba su jira sakamako ba. A ɓoye suka yi ta zuwa wurin Zuwaina neman na tukunya, har ya ƙare.

Ranar Juma'a, 1 ga Maris, rabin gari ya taru a gonar Darwish. Musabbah ya hau ya yanko tsinke ɗaya daga kowane nono, ya sauko ya jera su a kan tabarma. Masu baƙin zare huɗu, uku-uku ne a kowane gurbi. Masu jan zare huɗu, ɗaya-ɗaya, kore shar, kamar an jera wake. Darwish ya tsuguna da ƙyar, ya tsinki ɗaya daga na jan zaren ya gatsa, ya tofa a tafi, ya daɗe yana duban ɗan farin abin da ya fara zama ƙwallo.

"Kamu huɗu," in ji shi. "Kamu huɗu na ƙasar Salmin, saboda itacen wata tsohuwa."

"Saboda Nagal ɗinka goma sha ɗaya," in ji Zuwaina. "Ko ka samo musu wani mijin?"

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Baɗi ni za a fara ba. Kuma na tukunya."

"Sai ka zo da kanka ka yi sallama."

A watan Afrilu katafila ta zo kusurwar, ta kauce wa Dattijo, ta ci kamu huɗun.

Zuwaina ta ci gaba da raba fure shekara tara bayan wannan. Humaid ya gina mata ƙaramin ɗakin ƙasa a bayan gida don ajiya kawai. A 1990 ya kai ta aikin hajji. Daga 1994 idanunta suka fara dushewa, sai ta miƙa aikin shanya da ajiya ga matar Humaid, bayan ta sa ta yi shekara biyu tana yi a gabanta. Ta rasu ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, 1997, bayan jinyar kwana shida, aka binne ta a maƙabartar gabas kusa da Sulayyim. Darwish ya riga ta da shekara biyu. Gonar tana hannun Humaid, wanda ya bar tuƙi ya dawo gida.